Ranar da Kaka Ta Hana a Sayar da Sanmu

Wata Talata ce da hantsi, cikin kakar shekarar da salula ta fara kamawa a ƙauyenmu na wajen Gidan Sori. Ina da shekara goma, ni da Inna muna sussukar gero a gindin rumbu, sai wayar Baba ta yi ƙara daga jikin bishiyar da ake rataye ta, don nan kaɗai take samun rezo, wato layi. Baba ya ɗauka. Murya ce a shaƙe, ana kuka. Wai yayana Hamisu ne da ya tafi cin rani Agadas, ya buge yaro da babur, jandarma sun riƙe shi, in kuɗi ba su zo kafin azahar ba sai gidan kaso. Kada a kashe waya, kada a gaya wa kowa.

Baba, mutumin da ko kaza ba ya sayarwa sai ya kwana yana shawara, ya ce in ruga in kwanto sa, a kai wa mahauci. Sa ɗaya gare mu, shi ke huɗa, shi ke jan amalanke zuwa rijiya. Na kama igiya ke nan sai Kaka, mahaifiyar Baba, ta fito da sandarta ta ce a ba ta wayar. Ta zauna a kan tabarma, ta yi ta gaisuwa a hankali, ina gajiya, ina baƙunci, mai kiran na ta katse ta. Can ta ce, "Kai mijin banza, ina zanen da ka ce za ka kawo mini?"

Ya ce, "Ki yi wa Allah, Hajiya, lokaci na tafiya."

Kaka ta kashe waya, ta ce in maida sa turkensa. Wasan jika da kaka ke tsakaninta da Hamisu. Hamisu ko zazzaɓi ya kayar da shi sai ya rama, bai taɓa ce mata Hajiya ba. Baba ya hau keke ya nemo lambar ubangidan Hamisu, aka kira, aka samu Hamisu lafiya lau yana lodin albasa. Da aka miƙa wa Kaka wayar, muka ji muryarsa yana cewa, "Tsohuwa, har yanzu kina nan kina cinye mana goro?" Inna ta rangaɗa guɗa, har maƙwabta suka leƙo.

Yau kowane ɗaki da wayarsa, ni ma na yi yaƙi da jahilci, ina karanta lamba da kaina. In aka kira ana ce mini maza-maza, sai in kashe in nemi mutumin ta lambar da na sani, haka nake koya wa 'ya'yana. Kaka ta rasu ba ta san ko baƙi ɗaya ba. Mu ta sani, ɗaya bayan ɗaya.