Agogo Mai Wata na Alhaji Barau

Asabar: Kano zuwa Rogo

Ƙarfe biyar da kwata na asuba na bar gida, da madubin aiki da 'yar sukudireba a aljihu. Sana'ata gyaran agogo, ciwona kuwa tara tsofaffin agoguna masu wani, ba na batir ba. Duk gwanjon da na ji labarinsa sai na je, har uwargida ta gaji ta daina magana.

Amma wannan daban ne. Shekara ashirin baya, ina koyon aiki, Alhaji Barau na Ruwan Bago, attajirin gyaɗa, ya kawo wa maigidana agogonsa a wanke. Yana nuna rana da kwanan wata, ga wani ɗan faranti shuɗi mai hoton wata da ke girma yana raguwa daidai da na sama. Ba a wana shi, motsin hannu ke tafiyar da shi. Sau ɗaya na leƙa cikinsa, ban sake ganin irinsa ba. Yanzu Alhaji ya rasu, kayan da ba su rabuwa za a yi gwanjonsu a raba wa magada kuɗin.

Bas ta tashi daga Kabuga bakwai saura, naira shida. Shingen 'yan sanda biyu muka wuce kafin Gwarzo, muka iso Karaye sha ɗaya. Na sha fura da nono ina jiran akori-kura mai zuwa Rogo, ba ta cika ba sai bayan La'asar. Direban ya ga ina ta duba hannuna, ya ce in huta, motarsa ba ta san agogo ba. Shi ya sauke ni a gidan wansa, aka ba ni tabarma a zaure da tuwon dawa miyar kuka.

Lahadi: Ruwan Bago

Wani mai babur ya kai ni ƙarfe tara da rabi. Na yi wa babban ɗan marigayi, Malam Hadi, ta'aziyya, ya karɓe ni hannu biyu. Dillali ya fara da sirdi, da rediyo, da keken ɗinki. Da aka zo kan agogo na roƙi a bar ni in duba.

Tun ban buɗe ba na ga akwai matsala. Hannun sakan yana tsalle ɗai-ɗai irin na agogon batir, tagar watan kuma babu komai a cikinta. Na ɓalle murfin baya. Wani farin injin roba ne, irin na agogunan da nake sayar wa 'yan makaranta.

"Malam Hadi, ina cikinsa?"

"Ai kwana biyu da rasuwar Baba ya tsaya cak, Malam. Muka ga bai kamata a sayar wa jama'a mataccen abu ba, hakkin marayu ne. Na kai wa mai gyaran rediyo a Karaye ya sa masa sabon inji."

Da fara'arsa ya faɗa. Na kasa gaya masa cewa agogon bai mutu ba, hannun da ke motsa shi ne aka binne. Da wani cikinsu ya ɗaura shi ya yi sallah ɗaya, da ya tashi. Wani falken shanu ya saya don zinariyar jikinsa, ni ko baki ban sa ba.

Litinin: Karaye zuwa gida

Na sami mai gyaran rediyon ƙarfe goma a bakin kasuwa, dattijo mai kirki. Ya ce ƙafafun tsohon injin, 'yan tayoyin nan masu haƙora, sun yi masa ƙanƙanta, da filaya ya zare su, kuma tuni an share. Na tsuguna ina tona ƙasar gaban rumfarsa har Azahar, mutane na kallona. Ban tsinci ko ɗaya ba. Can sai ya ce in dakata. Ashe farantin watan ya ba shi sha'awa, ya manna shi a jikin rediyonsa. Ya ɓamɓaro ya ba ni, ya ƙi karɓar ko kwabo.

Bas ɗin ƙarfe biyu na samu. Ban ci komai a hanya ba, raina a ɓace yake. Na shiga gida ana kiran Magariba. Na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya, na gode wa direba da wansa, Allah ya jiƙan Alhaji Barau.

Uwargida ta kawo ruwa, ta tambaya ina agogon. Na kwance hankici na nuna mata. Ta ɗaga farantin ta duba a hasken fitila, ta ce ai watan bai cika ba. Na ce mata haka zai zauna.