Shatar Igiya a Kafaɗar Buba

Barin gida

Ana idar da sallar asuba muka hau babur ɗin haya, ni da Buba, muka nufi Ƙanƙara. Dattawan garinmu ne suka aike ni. Ku da kuke nesa kun san halin da muke ciki: rijiya mu ke haƙa abarmu, gada mu ke gyarawa, in an kawo hari kuma mu ke binne gawarwakinmu kafin wani ya leƙo. Sai aka kawo shawarar mu kafa 'yan sa-kai namu da bindigogi, kowane gida ya ba da mutum guda kamar ranar gayya. A gidana mutumin nan Kabiru ne, ba ni da wani ɗa namiji. Shi ya sa na kafe a bari in je in gano yadda abin yake a garuruwan da suka riga mu, kafin a yanke magana.

Buba maƙwabcina ne, Bafillace. Shi ya riƙe rago ranar sunan Kabiru. Tun da ɓarayin daji suka kore masa shanu ya koma noman wake kamar kowa. Ya ce zai bi ni ya dubo 'yarsa da ke aure wajen Sabuwa.

Ƙanƙara zuwa Faskari

A tasha muka sha koko da ƙosai, muka jira har rana ta ɗaga, don babu direban da ke yarda ya zama na farko a hanyar nan. Kuɗin mota ya ninka. Da na yi ƙorafi direban ya ce, “Baba, rabi na mai ne, rabi na raina. In kana so ka tahi ƙasa.”

Mun wuce 'Yargoje lafiya. Dawa ta yi kyau a bakin titi, amma daga can ciki sai sabara da ciyawa, gonakin da ba a isa a shiga ba. Can gaba, a wani gari da ba zan faɗi sunansa ba, muka tarar an gitta gungume. Samari ne da bindigogin ƙirar gida da layu har wuya. Gaskiya da na gan su sai da na ji daɗi. Na ce a raina, ga abin da muke nema.

Suka leƙa motar, suka wuce kowa, suka tsaya kan Buba.

“Kai, sauko. Cire riga.”

Ashe haka suke aiki. Kafaɗa suke dubawa, wai wanda ya saba rataya bindiga igiyarta na bar masa shata. Buba ya cire, sai ga shata baƙa a kafaɗarsa ta dama. Kafin ya buɗe baki an kai shi ƙasa.

Na san shatar nan. Famfon feshina ne ya yi ta, igiyarsa ɗaya ta tsinke tun bara, ni da Buba muke karɓa-karɓa da shi, kowa a kafaɗa guda yake rataya shi. Na yi wuf na tuɓe tawa rigar.

“Ku duba! Ga irinta nan gare ni. Feshin wake ne!”

Babbansu, wanda bai girmi Kabiru ba, ya dube ni ya yi dariya. “Maida rigarka, Baba. Kai ai manomi ne.”

“Shi hwa?”

“Shi mun san ko mi ne.”

Mota ta tafi ta bar mu. Na zauna gindin durumi ina jin abin da ake yi wa Buba a bayan wani kango, ba ni da abin yi sai kiran sunan Allah. Sai bayan la'asar limamin garin ya zo, na yi alwala na dafa Alƙur'ani, sannan suka sake shi. Idonsa ɗaya ya rufe.

A zauren liman muka kwana. Ya kawo tuwon masara da miyar kuka, Buba bai iya taunawa ba. Na tambayi liman ko mutanen garin sun yi nadamar kafa 'yan sa-kai.

“Nadama? Kafin yaran ga, matanmu ba su kwana gida. Bana mun yi noma. Amma duk ni na koya masu Fatiha, yau ga shi sai na roƙe su suna kallon wani wuri. Ka ba su bindiga, ba ka iya amshe ta.”

Faskari zuwa Sabuwa

Da hantsi muka isa Faskari a bayan motar itace. Na saya wa Buba maganin ciwo da fura, muka sami wata motar ta bi da mu ta Dandume. Shinge biyu na masu kaki muka wuce, direba ya miƙa abin da aka saba, ba wanda ya dubi kowa.

A Sabuwa muka iske 'yar Buba, ba a rugarsu ba, a wani shago da ba a gama ginawa ba, ita da 'ya'yanta. Ɓarayi sun kwashe shanu, 'yan sa-kai sun ƙone rugar. Ta ga fuskar ubanta, ta ɗora ruwan zafi.

A shagon da ke kusa akwai wani dattijo Bahaushe, daga ƙauyen da suka ƙi ɗaukar makami suka yi sulhu da mutanen daji. Na ce to ga waɗanda suka huta. Ya nuna mini tafin hannunsa duk kanta.

“Gonarsu muke fara nomewa, sannan tamu in rana ta rage. Da kaka su zaɓi abin da suka ga dama. Ran da suka zaɓi ɗiyar ƙanena na taso. Malam, in kun samu bindiga ku riƙe.”

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na fito neman amsa guda, ga ni zan koma da wuta biyu, a ce in zaɓi wadda zan tura ɗana ciki.

Komawa

Ta Funtuwa muka zagayo, don kada mu sake bin gungumen nan. Duk hanya ina shirya abin da zan gaya wa dattawa: in dole ne a kafa, a sa 'ya'yan Fulaninmu ciki, a ajiye bindigogi hannun manya, kada a duba jikin kowa.

Rana ta yi ja muka iso. A bakin gari, kusa da tsohuwar rijiya, sai ga gungume a gicciye. Ba su jira ni ba. An kai hari ƙauyen da ke gabas da mu washegarin tafiyata, aka yanke magana a ranar. Samari huɗu ne a wurin, a tsakiyarsu Kabiru, da bindiga a kafaɗa da layar da ban san wanda ya ba shi ba. Ya rusuna ya gaishe ni. Sannan ya dubi Buba, ya dubi abokansa, ya sunkuyar da kai.

“Baffa, ka yi haƙuri. Doka ce. Duk Bafillacen da ya shigo sai an duba kahwaɗa.”

Na daka masa tsawa, amma Buba ya ɗaga mini hannu. Ya sauka, ya cire rigarsa a hankali, ya tsaya gaban yaron da ya sha goyawa a wuyansa. Ga shatar igiya, ga shatun bulala a kanta. Kabiru ya kasa ɗago ido. Buba ya jira, ya jira, sannan ya saɓa rigar ya shiga gari da ƙafa.

Na gode wa Allah da ya dawo da mu da rai. Na gode wa liman da ya roƙa mana, da dattawa da suka saurari bayanina bayan sun gama abinsu. Buba kuwa ban samu na yi masa godiya ba. Da na fito sallar asuba na tarar da famfona jingine a ƙofar gida. Ya ɗinka masa igiya ta biyu. Gidansa babu kowa.