Takaba a Ɗaki Marar Rufi

Shekarar da aka kashe maigidana a wajajen tafki, ina zaune a barikin soja na Diffa, layin sarzan, masu igiya uku. Ban ga gawarsa ba. Wani hafsa ne ya zo ya tsaya bakin ƙofa, ya cire hula, ya faɗa mini ya tafi. Bayan ƴan kwanaki yayar mahaifiyata ta iso daga Damagaram ta ɗora ni kan takaba: ba turare, ba kwalli, kuma kada in bar ɗakin da ya bar ni a ciki sai na cika wata huɗu da kwana goma. Da ta ga na kama hanya, ta koma gida.

Na riƙe maganar nan da hannu biyu. Ban ga an yi masa sutura ba, ban san kabarinsa ba. Zaman nan shi kaɗai ya rage da zan iya yi masa, na kuwa ƙudura zan yi shi babu giɓi. Ko shara ba na fita zubarwa.

Na kusa rabi guguwa ta zo, farkon damina, da la'asar. Gabas ta yi ja, sannan ta yi baƙi. Ina kan tabarma ina jan carbi na ji kwano yana kuka, na ɗaga kai sai na ga sama. Rufin layinmu da na layukan kusa duka ya tashi kamar an ɗage murfin tukunya. Ba wanda ya rasu. Ruwa ya biyo baya ya jiƙa katifa da buhun shinkafa, ni kuwa ina zaune inda nake, don ban ji an lissafa guguwa cikin abubuwan da ke fitar da mai takaba ba.

Matar ajidan, mai muƙamin da ya fi na mazajenmu, wadda ita ce babbar matan barikin, ita ta zo ta kama hannuna.

"Tashi, ƙanwata. Ko so kike mu zauna makoki na biyu?"

Aka kwashe mu a motar soja zuwa wata lakwal, wato makaranta, cikin gari, yara suna hutu. Mun tarar da mutanen bakin kogin Komadugu a ciki, waɗanda suka gudo wa ƴan bindiga tun bara. Mu matan soja ba mu yarda mu ma ƴan gudun hijira ba ne. Cewa muke an canza mana masauki. Muka raba azuzuwa bisa igiyar mazajenmu. Matar ajidan ta ɗauki ofishin darakta, matan sarzan suka samu aji mai taga, matan kafaran suka yi baya. Da aka zo kaina sai aka rasa inda za a sa ni, don ba wadda ta san ko igiyar mamaci tana aiki. Aka sa ni ajin ƙananan yara tare da wata tsohuwa Babarbariya da jikokinta. Ina cikin takaba, amma sai da na sami wuri a zuciyata na jin haushin an rage mini girma.

Abin da ya fi damuna shi ne na bar ɗakinsa. Na yi ta juya abin har na samo dabara, dabarar da na ɗauka ba mai hankalin da ya taɓa samo irinta. Kullum da safe sai in lulluɓe in koma bariki, in yini a ɗakin, in dawo lakwal kafin dokar hana fita. Lokacin an hana babur a garin, saboda haka da ƙafa nake tafiya: in wuce masu tattasai, in wuce tasha, in tsaya shingen bincike. Sojojin bakin ƙofa sun san mijina, ba wanda ya iya ce mini koma.

A ɗakin babu komai sai bango huɗu. Da safe in zauna jikin na gabas, rana ta juya in ja tabarma zuwa na yamma. In hadari ya taso in buɗe lema. Haka matar da bai kamata a ga ko gefen zanenta ba ta zama ba mai shayin da bai san ta ba a Diffa. Wani har yana ce mini, "Hajiya, an fito aiki?"

Wata rana na dawo ina jan ƙafa, tsohuwar tana gyaran busasshen kifi. Ta dube ni ta yi magana da Hausarta ta Barebari.

"Matar soja, takaba kike ko talla?"

"Takaba, Inna."

"To me kike sayarwa a hanya safe da yamma?"

Na yi mata bayanin dabarata. Ta yi dariya har tari ya kama ta.

"Ai kwanan ake nema a ɗakin miji, ba yinin ba. Ke kin kai yini can, kin kawo kwana nan. Riga a baibai kika sa." Ta share ido da bakin zane. "Ni na fara tawa a garinmu, na ci gaba a tsallaken kogi, na ƙarasa bakin kwalta ƙarƙashin leda. Ɗakin da ya bar ni an ƙone shi. In je in zauna kan toka?"

"Nawa bai ƙone ba, Inna."

"To, gobe ki gaida bangon."

Na san gaskiya ta faɗa. Washegari na sake lulluɓewa na tafi. Abin da ban gaya mata ba shi ne, a lakwal na san ya mutu. A ɗakin kuwa, in na ji takun takalmin soja a bayan layi, nakan gyara zama kafin in tuna.

Rana da ruwa suka yi aikinsu, zazzaɓi ya kwantar da ni. Da na samu ƙarfi na kama hanya. Tun daga nesa na hango sabon kwano yana ƙyalli a layinmu. A ƙofarmu an rataya labule mai furanni, wata yarinya mai ciki tana shara. Ashe an kawo sababbin sojoji an raba musu ɗakunan. Matar ajidan ta sani, ta kasa gaya mini.

"Sannu, Inna. Wa kike nema?"

Ranar aka fara ce mini Inna. Ko wannan sai da na lura da shi.

"Ba kowa, ƴata. Ruwa zan sha."

"Shigo mana daga ciki."

"Nan ma ya isa."

Ta kawo mini ruwa a moɗa, ta tsaya tana ba ni labari. Daga garin Tawa suka zo, ba ta san kowa ba, mijinta an tura su wajajen tafki. "An ce ba sa daɗewa," in ji ta.

"Allah ya dawo da shi lafiya."

Ta juya za ta ja ƙofa, ƙofar ta ƙi. Na ce ta ɗaga ta kaɗan sannan ta ja. Ta ɗaga, ƙofar ta rufu.

"Kin san ɗakin ne, Inna?"

"Duk ƙofofin layin haka suke."

Na miƙa mata moɗarta na juya. Ban sake zuwa bariki ba. Sauran kwanakin na yi su a ajin ƙananan yara, ƙarƙashin allo, ko bakin ƙofar lakwal ban leƙa ba.

Daga baya, a Damagaram, na tambayi wani malami ko takabata ta yi. Ya ce in lalura ce ta fitar da mace, ba laifi a kanta. Sannan ya tambaye ni a ina na yi ta. Na daɗe ina tunani kafin na ce masa, a Diffa.