Faretin Saje Mainasara

Saje Mainasara mutumin Kuyello ne. Ya yi aikin soja har Kwango, ya dawo gida ya kama noman dawa. Da yake sunansa yana cikin sojojin ko-ta-kwana, sai hedikwatar Kaduna ta ɗora masa horar da 'yan kadet na wata makaranta a Birnin Gwari.

To, maci bai ba shi wuya ba, gaisuwa ce ta kusa sa shi furfura. Yaran nan tun suna rarrafe aka koya musu durƙusa wa babba, shi kuwa so yake su ƙame su sara. Damina guda ya yi yana fama da gwiwoyinsu.

Ranar da wani Manjo ya zo daga Kaduna duba su, ya faɗa a fili cewa in faretin bai gamsar da shi ba, zai rufe rukunin ya kwashe kakin. Yara suka sara masa tsaf. Mainasara ya fara sakin numfashi ke nan, sai ga Inna Tasalla, tsohuwar da ke dafa wa makarantar abinci, ta ratso filin da tulu a ka. Layin gaba ɗaya ya zube ƙasa: "Ina kwana, Inna?"

Manjo ya dube su, ya cire hula, shi ma ya rusuna mata.

"Saje," in ji shi, "yaran da suka san na gaba da su ba za su gagare ni ba. Amma ka ɗauke filin nan daga hanyar rijiya."

Mainasara ya ɗauke. Inna kuwa ta bi su can, wai hanyar ta fi inuwa.