Barba Vicko, Mai Haɗa Mana Numfashi

Kafin jiragen masunta su dawo gaɓar Komiža, Barba Vicko ya riga ya buɗe rumfarsa, ya ɗora kofi, ya tayar da injin ɗura iska. Sai ya bi tukwanen iska ɗaya bayan ɗaya, yana gwada abin da ke ciki, yana rubuta wa kowacce iyakar zurfin da za a shaƙe ta. Haka muka taso muka same shi, mu masu nutso a wannan tsibiri. Ƙarshen watan nan zai rufe rumfar.

Wanda ya sauka can ƙasa inda tsofaffin jiragen ruwa suke kwance ba ya fitowa kai tsaye. Sai ya hau zango-zango, yana tsayawa har jininsa ya sauke iskar da ya kwasa. In ya yi gaggawa, ko ya shanye ko ya mutu. Kowane zango da iskarsa: mai hiliyam a ƙasa, mai rabin oksijin a tsakiya, zallar oksijin dab da sama. Wadda ke warkar da mutum a sama ita ke kashe shi a ƙasa. Zaɓenta da haɗa ta, aikin Barba ke nan.

Shi kansa rabonsa da nutso tun yana saurayi, lokacin da huhunsa ya samu rauni wajen tsinko murjani, likita ya ce shi da ƙasan teku har abada. Akwai wani jirgin fasinja da ya nitse a bayan tsibirin. Shi ya nuna mana wurin, don a can ragar mahaifinsa take maƙalewa, amma bai taɓa sa shi a ido ba. Duk wanda ya fito sai ya tare shi.

"To, me ka gani?"

"Duhu, Barba."

"Duhu! Na ɗura maka iska mai tsada ka je ka gano mini duhu? Zauna nan, jaki. Matakalar tana nan? Kifayen nan manya har yanzu suna ɗakin matuƙi?"

Sai ya lumshe ido yana saurare, kofinsa na hucewa a hannu.

Wata rana ni da Jerko, mijin ƙanwata, muka shirya sauka wurin jirgin. Barba ya fito da wata tukunya ta daban.

Jerko ya ce, "Haba Barba, tsoronka ya yi yawa. Dubi yadda ka labta mini kaya kamar alfadari!"

"Ja bakinka ka shiga kwalekwale. Wannan a igiya zan rataye ta, ba a wuyanka ba."

A hanyar hawa, a zangon tsakiya, bututun Jerko ya fashe. Iskarsa mai rabin oksijin ta tsiyaye kaf muna kallo. Tawa ba za ta ishe mu mu biyu ba. Ya ɗaga kai, ga hasken rana can sama, ga shi ba halin zuwa. Na ga idanunsa, na san matarsa yake tunani, tana da tsohon ciki. Na fizgo shi muka kama igiya, sai ga tukunyar nan tana reto daidai zurfin da ake bukatarta, da irin iskar da ta tsere masa.

Da muka fito, mun tarar da Barba durƙushe a gefen kwalekwale. Tun da ya ga kumfa ta taso ya gane abin da ya faru, bai ƙara motsawa ba. Jerko ya rungume shi yana kuka.

"Sake ni, kana jiƙa mini riga," in ji shi. Amma ya kasa kwance igiyar.

Bana ido ya fara gaza masa. Wata safiya ya duba na'urar gwaji, ya sake dubawa, zuciyarsa ba ta natsu da lambar ba. Ba wanda ya lura, shi ya tara mu ya faɗa da bakinsa, ya ce zai ajiye aikin. 'Yarsa Nives za ta tafi da shi birnin Zagreb, nesa da teku.

"Wai akwai kogi," ya ce mana. "Kogi fa! Ruwan da ba gishiri, ai na wanke kwano ne."

Muka yi dariya, shi bai yi ba.

Barba Vicko, kai ne wanda muka shaƙi aikinsa a wurin da ba mai jin ihunmu. Kai ne ka tsaya a bakin ruwa kana aika mu inda ranka ke so, ba ka taɓa yi mana ƙyashi ba. Hotunanmu sun shiga jaridu, sunanka bai shiga ba. Mun gode, dattijo mai amana. 'Ya'yanmu ma sun gode.

Ku matasa, duk ku masu son sauka ne. Wani a cikinku ya yarda ya tsaya a sama, ya koyi haɗa iska da tsoro irin nasa, ya kuma san ranar da zai ce ya isa.

Ranar Lahadi za mu raka shi jirgin ruwan da ke zuwa Split, daga can ya wuce Zagreb. Ya ce kada kowa ya zo masa da kuka ko kyauta. Abu guda ya roƙa: a sama masa kujera a bayan jirgi, inda zai ga tsibirin har ya ɓace.