Ba Yau Ba, Hafizu: Ta'aziyyar Malam Munir, Madugun Jirgin Nagge

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 7 ga Oktoba, 2025, gab da Magariba, aka kashe Malam Munir Abdulhadi a bakin hanyar Kano, kusa da Bebeji. Ba zan ce ya rasu in yi shiru ba, domin kashe shi aka yi. Yana dawowa daga darasin yamma a makarantar da yake koyar da kimiyya, ya tsayar da babur don amsa kiran mahaifiyarsa, wani ya soka masa wuƙa a ƙirji, ya fizge wayar ya gudu. Kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Ya bar mahaifiyarsa Inna Hasiya, da matarsa Shamsiyya, da 'yarsa Maijidda wadda ko firamare ba ta shiga ba.

Malam, ɗalibanka za su faɗi irin malamin da suka rasa. Ni Hafizu tela ne a Kiru, ban taɓa zama ajinka ba. Abin da ya haɗa mu wasa ne, wasan da mutane suka sha yi mana dariya a kansa, wai ga gardawa da gemu suna tatsuniya a waya.

Ga wanda bai sani ba, zaure ne ka buɗe mana a WhatsApp. Duk Asabar bayan La'asar muke haɗuwa, kowa daga garinsu. Mu 'yan fashi ne a sararin samaniya, muna da jirgi guda, kai kuma kai ne Madugu, mai jan labarin. Ka bayyana mana inda muke da abin da ke gabanmu, kowa ya faɗi abin da zai yi, sai ka jefa ɗan lido a kwanon sha kana ɗaukar bidiyo. In shida ta fito, an dace. In ɗaya ce, kowa ya yi ta kansa. Ba ka taɓa sake jefawa don tausayin wani ba, kuma ba ka taɓa murɗe sakamako ba.

Ka ƙi ba duniyoyinmu sunayen Turawa. Ka ce me ya sa sama za ta zama ta wasu? Saboda haka muna da tauraron Ɗansoshiya mai jar ƙasa, da tashar jiragen Tudun Wada inda ake sayar da ganima, da mashigar Falgore, wani duhu tsakanin taurari inda muke laɓewa mu tare jiragen 'yan kasuwa. Sunan jirginmu kuwa Hamman ne ya raɗa, makiyayin nan na Doguwa da ke tuƙa mana shi. Ya ce Nagge, wato saniya, domin a cewarsa duk abin da ke ɗaukar mutum ya kuma ciyar da shi saniya ne. Mun yi ta musu, ka jefa ɗan lido, shida ta fito, magana ta ƙare.

Ban manta yadda ka yi wa Hamman ba. Da farko da rubutu muke wasan. Ka lura yana jinkirin amsa, ka gane karatun boko na ba shi wahala, kuma kunya ba za ta bar shi ya faɗa ba. Asabar ta gaba sai ka sanar cewa wai babban yatsanka na ciwo, daga yau da murya za a yi. Yatsan nan bai warke ba har ka koma ga Allah. In sabis ya ɗauke masa a daji, sai ka tsayar da yaƙi ana tsakiyarsa, mu jira ya hau tudu. Zubaida, malamar jinya a Tudun Wada, wadda ita ce likitar jirgin amma ta fi kowa son a buɗe wuta, takan yi ta mita. Kai kuwa sai ka ce, "Jirgi ba ya tashi ba direba, Likita. Sha ruwa."

Ka kafa mana doka ko a cikin fashin ƙarya: ba a taɓa jirgin hatsi, ba a taɓa na magani, kuma wanda ya ɗaga hannu ba a kashe shi. Wannan ne mutumin da aka soke saboda waya, ba a ko ba shi damar miƙa ta ba. Wallahi da an tambaye ka da ka bayar.

Ni kuwa a labarin akwai wanda nake farauta, Janar Sululu, wanda ya kashe wana. Sau nawa na rutsa shi, sau nawa ya sulale! Kullum na ɗaga makami sai wata ƙofa ta buɗe, ko jirginmu ya kama da wuta in zaɓi tsakaninsa da 'yan'uwana. In na yi fushi sai ka yi dariyar nan taka ka ce, "Ba yau ba, Hafizu." Na taɓa yin sati ban gaishe ka ba saboda wannan magana.

Yanzu bari in ba ka labarin abin da ya faru bayanka, tunda kai ka fara shi.

Wayarka ba ta da makulli. Kullum cewa kake ba abin da kake ɓoyewa, kuma Maijidda na kallo a ciki. Bayan sadakar uku, Zubaida ta kira ni, ta ce in duba zaure. Lambarka tana buɗe saƙonninmu. Muna kuka, muna yi maka addu'a a waje, wanda ya kashe ka kuma yana zaune yana sauraron muryoyinmu na baya ɗaya bayan ɗaya. Saƙonka na ƙarshe yana nan maƙale a sama: "Asabar bayan La'asar jirgin zinariya zai ratsa mashigar Falgore ba rakiya. Kowa ya shirya makaminsa."

Sai ga rubutu da sunanka, da hotonka a gefe: "Na ji aikinku. Madugunku ya tafi, amma ni ina da zuciya, kuma na san dajin Falgore. Ku sa ni a na gaba."

Malam, ya ɗauka da gaske ne. Ya ji Falgore, ya ji Tudun Wada, ya ji ganima, ya yanke cewa jirgi sunan ɓoye ne na mota, mu kuma abokan sana'arsa ne. Ya kashe ka, sannan ya zo neman gurbinka. Ban san akwai irin wannan ƙuna a ƙirjin ɗan Adam ba sai ranar.

Na kai maganar wurin Yaya Sani, wanka, muka je wurin 'yan sanda tare. Jami'in ya saurara, ya ce mu ci gaba da jan ɓarawon da magana. To wa zai ja labarin? Ban taɓa zama Madugu ba, amma na daɗe ina jin yadda kake yi. Na bayyana wa ɓarawon motar da za ta taso, da kayan da ke ciki, da kasonsa. Hamman ya shigo da murya ya ce ya riga ya duba hanya. Zubaida ta ce ita ba ta yarda da baƙo ba sai an ga idonsa, kuma ya zo da wayar don a tabbatar shi ne. Wannan taurin nata shi ya sa ya gaskata. Ba mu taɓa yin wasa mai kyau kamar wannan ba, kuma kowannenmu da hawaye ya yi shi.

Ya zo Tudun Wada ranar Asabar da rana tsaka, wurin wani mai shayi, wayarka a hannunsa, da ɗan hoton furen da Maijidda ta manna a bayanta. Ya zauna kusa da ni ya miƙo mini hannu. Hannun nan. Almakashina yana aljihu, na riƙe shi har ya yanke ni. Jami'an suna ƙetaren titi, kuma na san zan riga su. Wallahi, Malam, ba tsoro ne ya hana ni ba, ba kuma tausayi ba. Muryarka na ji, da dariyar da komai: ba yau ba, Hafizu. Na zauna ina kallo suka sa masa ankwa. Ya amsa laifinsa, maganar tana gaban kotu. Ba zan rubuta sunansa a takardar da ke ɗauke da naka ba.

Yanzu na ji danginsa sun fara turo dattawa Bebeji, wai a yi haƙuri, wai kuskure ne da ƙuruciya. Haƙƙin jini na Inna ne da Shamsiyya da Maijidda, ba nawa ba, kuma duk abin da suka yanke ba zan ɗaga musu murya ba. Amma nawa ɓangaren ni ke da shi, kuma ban yafe ba. Mutumin da ya gama kisa ya zauna yana neman wani fashin da wayar mamacin ba kuskure ya yi ba. Duk ranar zaman kotu za a gan mu, ni daga Kiru, Zubaida daga Tudun Wada, Hamman daga Doguwa ko da zai bar shanu a hannun maƙwabci. Duk wanda ke shirin binne maganar nan ya sani akwai mutum uku da ka koya wa jira.

Nagge tana nan a mashigar Falgore inda ka bar ta. Ba wanda zai tayar da ita. Kwanon da ɗan lidon suna wurin Shamsiyya, ta ce za ta ajiye wa Maijidda.

Allah Ya jiƙan ka, Malam Munir. Allah Ya karɓi shahadarka, Ya yalwata kabarinka, Ya sa Aljannar Firdausi ce makomarka. Inna, Allah Ya sanyaya miki zuciya, kiranki ne na ƙarshe da ya amsa, kuma ba abin da ya fi so kamar amsa shi. Yaya Sani, Shamsiyya, da dukan dangi da ɗalibai, Allah Ya ba ku haƙuri mai kyau, Ya raya Maijidda bisa halin mahaifinta.

Shi kuwa wancan, Ya Allah, kada Ka bar shi ya sulale. Na ji maganarka, Madugu, na mayar da almakashina kan tebur. Ba yau ba. Amma akwai ranar da zai tsaya gaban Wanda ba a murɗe wa hukunci, kai ma kana tsaye, kuma ina roƙon Allah Ya sa ina wurin.