Ƙofar da ban buɗe wa Talatu ba

Shekara takwas ke nan da rasuwar Talatu, shekara goma kuma da barinta gidanmu a unguwar Maamobi. Ainihin sunanta Denise, ɗaliba ce daga Amurka da ta zo karatun shekara ɗaya a jami'a, aka sama mata ɗaki a gidan hayarmu mai ɗakuna goma sha biyu. Mahaifiyata, Mma Azumi mai sayar da waakye, wato shinkafa da wake, ta gwada sunan sau biyu ya ƙi zama a bakinta. Sai ta tambayi ranar da aka haife ta, shi ke nan ta zama Talatu.

Baƙar fata ce kamar mu, sai ta buɗe baki ake gane baƙuwa ce. Da farko takan fito da safe ta wuce duk ƙofofin gidan ba gaisuwa, ta ruga neman trotro, motar haya, matan gida suka ce girman kai ne. Ni aka ɗora wa gyaranta. Na koya mata gaisuwa, da wanka da bokiti ɗaya ranar da famfo ya ɗauke, da miƙa abu da hannun dama. Kafin wata uku ta fi ni daɗewa a ƙofar kowace tsohuwa, har tana makara aji. Ban taɓa yin ƙawa irinta ba.

Wata rana muna wanke tukwanen Mma na faɗa mata abin da ban faɗa wa kowa ba: na faɗi jarrabawar gama sakandare, amma na ce wa Mma sakamako bai fito ba. Bayan kwana biyu, tsakar gida cike da mata ana tsintar wake, Talatu ta durƙusa gaban Mma da Hausarta ta zango, wadda ba ta bambanta mace da namiji, ta ce, “Mma, Hajara zai iya sake jarrabawa, ni zan koya mishi.” Daga baya na gane a wurinsu matsala a fili ake baje ta a nemi magani. A wurina kuwa ta tona mini asiri ne a gaban gida guda. Daga ranar na daina yi mata magana.

Da tafiyarta ta zo, Mma ta gaya mata al'adarmu: matafiyi ba ya ɗaukar jaka sai ya bi ɗaki-ɗaki ya nemi gafara. Ina jin ta tana bi, ana ce mata an yafe, Allah ya yafe mu duka. Ta iso ƙofata, ina zaune a bakin gado ina kallon inuwar ƙafafunta.

“Hajara, ka yafe mini.”

Sau uku ta faɗa. Mma ta ɗaga murya daga tsakar gida, “Buɗe mishi mana, mutum zai hau jirgi.” Ban buɗe ba har na ji tashin tasi.

Ta yi ta aiko saƙo daga can, ina karantawa ina ajiyewa. Na ce a raina sai na ci jarrabawar zan amsa, don ta ga ba da taimakonta na ci ba. Na sake, na kuma ci. Ina cikin tsara kalmomin da zan rubuta mata a wannan makon mahaifiyarta ta aiko mana cewa ta rasu a haɗarin mota. Kirista ce, ba gawa a gabanmu, amma Mma ta sauke tukunya kwana uku, matan gida suka zauna ana shigowa gaisuwa.

Yau ni malama ce a wata makarantar firamare a unguwar Nima. Da za ta dawo, ba za ta gane bakin titinmu ba saboda sababbin shaguna, tsofaffin da take gaisarwa kuma saura biyu. Amma na san da ta gan ni da alli a hannu za ta kwashe da dariyar nan tata mai tara mutane, ba za ta ce ai na gaya miki ba. Ina kewarta, kewar da ba ta raguwa.

A gidanmu har yanzu idan an ambace ta cewa ake yarinyar kirki, ta tafi ba haƙƙin kowa a kanta. Gaskiya ne, domin na yafe mata tun tasinta ba ta kai bakin titi ba, bakina ne kawai ya ƙi faɗa. Ita ta bi ɗaki-ɗaki ta sauke nauyinta. Nawa nauyin na nan, kuma ban san ƙofar da zan je in tsaya ba.